In Fankar Mota Ta Ƙi Tsayawa

Jawabin wani bakanike ga direbobi a Babbar Kasuwa, Katsina



Fankar lantarki takan tsaya in inji ya huce. In kun kashe mota ta kwana tana juyawa, da safe batir ya mutu, ga lodin gero yana jira.

Ku fara duba ruwan lagireto, amma sai inji ya yi sanyi. Ruwan zafi yana ƙona fuska.

Kusa da fis akwai ɗan akwati, sunansa rile. Ku cire na fanka, ku sa wani irinsa. In ta tsaya, tsohon ne ya maƙale. In ba ta tsaya ba, a duba makunnin zafi na jikin lagireto.

Wasu kan jona waya kai tsaye. Ni ban yarda ba. Fankar na iya ƙonewa a hanyar Jibiya.