Sauya Kulocin Babur a Ƙofar Gida

A cikin shekarar 1974 kamfanin Honda na ƙasar Japan ya aika da injiniyoyinsa ƙasashen Asiya, ciki har da Tailan da Indunisiya da Pakistan, domin su gani da idonsu yadda talakawa su ke amfani da babur. Abin da su ka tarar shi ne ana ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, ba a kuwa sauya baƙin mai sai ya kusa zama kwalta. Daga wannan tafiya aka ƙera CG125 a 1975, inji mai sauƙin gini, mai jure rashin kulawa. Tsarinsa ne masana'antun Sin su ka kwaikwaya daga baya, har ya zama da yawa daga baburan da ke yawo a Tamale da Garwa da Njamena jikokinsa ne. Saboda haka wanda ya san cikin wannan inji ya san cikin babura masu ɗimbin yawa.

Duk da ƙarfin nan nasa, akwai abin da ba makawa sai ya cinye, watau kuloci. Alamarsa ba ta ɓuya. Mutum ya kan murɗa totur a kan hawa, inji ya yi ta ruri, amma babur ba ya ƙara sauri. Sai dai ba kowane sulɓi ne ke nufin faya-fayai sun ƙare ba. Wajibi ne hannun kuloci ya kasance da ɗan wasa na milimita 10 zuwa 20 kafin ya fara ja. Idan wayar ta ɗame, kuloci ba ya kamawa sosai, gyaransa kuwa murɗa noti ne kawai. Har wa yau, wani man mota yana da sinadarin rage gogayya, shi kuwa kulocin babur a cikin mai ya ke wanka, sai ya dinga zamewa. Dalilin ke nan da ya sa Japanawa su ka fito da ma'aunin JASO MA a 1998 domin man babur. Sau da yawa a kan farke inji lafiyayye a banza don ba a duba waɗannan biyu ba.

In an tabbata faya-fayan ne, kayan aikin ba su da yawa: sifanu, da sukurudireba, da filaya, da guduma, da kwano, da kwali. Tun da dare za a jiƙa sababbin faya-fayai a cikin man inji mai tsabta, gama busasshen faifai ya kan ƙone tun a tafiyar farko. Da safe a tsiyaye mai, wanda bai fi kimanin lita ɗaya ba, a cire sandar kik da wayar kuloci, sa'an nan a kwance murfin dama. Ƙusoshin murfin ba tsawonsu ɗaya ba ne. Mai hankali ya kan zana siffar murfin a jikin kwali, ya soke kowace ƙusa a gurbinta.

A nan ne a ke cin karo da wurin da ya fi ba mutane tsoro. A gaban kwandon kuloci akwai wani ƙoƙon ƙarfe mai juyawa, wanda shi ne matatar mai, an ɗaure shi da noti mai tsaga huɗu wanda sifana ba ta kama shi. Makanikai suna da makulli na musamman dominsa, da wani kuma na riƙe inji kada ya juya. A gida, tsohuwar sifana mai kan ƙoƙo ko guntun bututun ƙarfe, in an goge bakinsa da magagari har haƙora huɗu su ka fito, ya kan yi aikin. Waɗansu su kan bi notin da kurfi da guduma. Yana kwancewa, amma ya kan fito da rauni, kuma kuskuren bugu ɗaya ya isa ya fasa ƙoƙon. Wajen hana inji juyawa kuwa, sai a cusa ɗan guntun jan ƙarfe ko alminiyum, ko tsumma mai kauri, tsakanin haƙoran giya biyu. Ba a sa sukurudireba a wurin. Ƙarfe mai taushi shi ne zai lotse, mai tauri kuwa haƙori zai karya, kuɗin giya kuma ya ninka na faya-fayai. Tun da an buɗe ƙoƙon, sai a kankare baƙin laka da ya taru a ciki, wanda sau da yawa ba a taɓa wanke shi ba tun da aka sayi babur.

Kulocin kansa ƙusoshi huɗu ne ke danne sifirin huɗu. A kan sassauta su kaɗan kaɗan, wannan sa'an nan na daura da shi, don kada nauyi ya taru a kafa ɗaya. Faya-fayan iri biyu ne a jere, mai ɓawo da na ƙarfe zalla, galibi biyar da huɗu. Na ƙarfen a kan kwantar da su a kan gilashi: wanda ya yi rawa ya lanƙwashe, wanda ya yi shuɗi ya sha wuta, duka biyu sun gama aiki. Sifirin kuma a jera su da sabo. In sun gajarce, sababbin faya-fayai ma za su zame.

Wajen mayarwa ne a kan fi yin ɓarna. Ƙafafun da ƙusoshin nan huɗu ke shiga na alminiyum ne, mutum kuwa ya kan ɗauka ƙarin ɗauri ƙarin aminci ne, sai ya ji ƙas, ƙafa ta tsinke. Da ƙusa ta zauna, ɗan matsi da ƙaramar sifana ya wadatar. Notin matata shi ne mai son ɗauri sosai, wasarsa mai ɗan lanƙwasa kuma ta koma yadda aka same ta. A kankare tsohon gaskit da haƙuri, ba tare da an ƙarce bakin murfi ba, a sa sabo, a zuba mai, a daidaita waya. Bayan tafiyar kwana biyu ko uku faya-fayan za su zauna, wasan hannun ya canza, sai a sāke daidaita shi.