Sunan da Na Kasa Faɗa a Bakin Ruwa
Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiyarmu a Maryland



Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu maza da mata, malamanmu, 'yan'uwa na nan da waɗanda wannan magana za ta iske a gida, Allah ya saka da alheri da kuka ba ni wannan lokaci. Na san da aka ce likita zai yi magana, wasu sun gyara zama don jin batun hawan jini da ciwon sukari. Ku yi mini afuwa, yau labarin tafiya na zo da shi, kuma a ƙarshensa akwai roƙo.

A ƙarshen watan Mayun da ya wuce, wani abokin aikina Ba'amurke ya gayyace ni mu haye tekun Chesapeake a jirginsa, irin ƙaramin nan mai ƙyalle da iska ke turawa. Ni kuwa Bazazzagi ne, ruwan da na sani tun ina yaro bai wuce Kubanni da Galma ba. Muka tashi daga Annapolis da safiyar Lahadi. Ba mu yi awa guda ba cikina ya juya, ni da nake rubuta wa mutane maganin jiri sai ga ni rungume da bokiti. Muka wuce hasumiyar fitila ta Thomas Point, muka yanki ruwa zuwa gabas, muka shiga kogin Miles. Da la'asar muka ɗaure jirgi a St. Michaels, wani ƙaramin gari a gundumar Talbot.

Garin masunta ne da maƙeran jirage tun asali. Yanzu 'yan yawon buɗe ido sun cika shi, amma har gobe akwai masu fita kamun ƙaguwa tun kafin asuba, fata ta ƙone da rana, hannu ya yi kanta, kamar dai Sarkawanmu na Yawuri. Mutanen garin suna alfahari da ranar 10 ga Agusta, 1813, lokacin da jiragen yaƙin Ingila suka kawo musu hari suka koma ba su ci garin ba. Suna ba da labari cewa kakanninsu sun rataye fitilu a kan itatuwa, maharan suka yi ta harbin sama. Masana tarihi suna tababar zancen fitilun, amma harin kam an yi shi.

Washegari ita ce Litinin ta ƙarshe a watan Mayu, ranar da Amurkawa ke tunawa da sojojinsu da suka mutu a yaƙi. Al'adar ta samo asali ne bayan yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, kuma tun 1971 aka tsayar da ita a wannan Litinin. Shekaruna da yawa a ƙasar nan, amma in faɗa muku gaskiya, ranar hutu da gashin nama kawai na ɗauke ta. Abokina ya ce mu leƙa taron garin. Na ɗan yi jim, don ban san abin da za a yi ba, kuma ba na son shiga ibadar da ba tawa ba. Na ce a raina zan tsaya daga baya, in ga da idona.

Taron bai da yawa. Tuta tana rabin sanda, an kafa ƙananan tutoci a kan kaburburan sojoji, tsofaffi sun sa hulunansu na soja. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kiran sunaye. Ana kiran mutum da sunansa da yaƙin da ya tafi, sai ka ga wani a cikin taro ya sunkuyar da kai, ka san nasa ne aka taɓo. Da aka gama aka busa ƙaho, kowa ya yi tsit.

Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta tambaye ni daga ina nake. Na ce Nijeriya. Ta ce ko mu ma muna da wanda ya tafi yaƙi bai dawo ba? Na ce ƙwarai, yayan kakana ya tafi yaƙin Bama. Sai ta ce, "Yaya sunansa?"

'Yan'uwa, na buɗe baki, babu abin da ya fito. A gidanmu Na Bama kawai ake ce masa. Shi ne mijin kakata na fari. Da aka tabbatar ba zai dawo ba, aka aura mata ƙanensa, wanda ya haifi mahaifina. Kun san alkunyar iyayenmu: har ta koma ga Allah, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Ni kuma da na haddace sunan kowace jijiya a jikin ɗan Adam, ban taɓa tambaya ba.

Da yamma abokina ya ari mota ya kai ni Unionville, wani ƙauye a hayin kogin. Baƙaƙen fata da suka yi yaƙin basasa a rundunar Arewa ne suka kafa shi bayan sun dawo, da yawansu bayi ne kafin su shiga soja. Su 18 suna kwance a maƙabartar cocin St. Stephens, kowanne da sunansa a kan dutse. Mutanen da aka taɓa lissafa su cikin dukiyar wani, jikokinsu sun riƙe sunayensu fiye da shekara 150. Kunya ta ƙara kama ni.

Namu fa ba kaɗan ba ne. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta isa Indiya a 1943, ta 82 ta bi ta a 1944. Dubban 'yan Nijeriya ne a ciki, 'yan Arewa da yawa, har Hausa ta zama harshen bariki. Sun yi yaƙi da sojojin Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan, a dazukan da mota ba ta shiga, kaya a kai, abinci sai an jefo daga jirgin sama. A watan Janairun 1945 suka ƙwace Myohaung. A matsayina na likita zan ƙara da cewa a wannan fage zazzaɓin cizon sauro da atuni sun fi harsashi kwantar da sojoji. Barikin Chindit da muke wucewa kullum a Zariya, da Dalet da Kalapanzin a Kaduna, duk sunayen yaƙin Bama ne. Malam Sa'adu Zungur ya yi wa waɗanda suka dawo waƙar Maraba da Soja. Mun riƙe sunayen wuraren da suka mutu a jikin ƙofar bariki, su kansu mun bar su sun ɓace.

Da na dawo gida na buga wa Gwaggo waya a Tudun Wada. Ta haura tamanin, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗan nan, sai yau wani ya tambaya?" Ta faɗa mini sunansa na yanka, ta ce dogo ne mai wushirya, haka ta ji daga mahaifinsu. Na rubuta a take. Na shiga shafin intanet na hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila. A maƙabartar Taukkyan, kusa da Yangon, akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, namu suna ciki. Matsalar ita ce Turawa sukan rubuta soja da sunansa da na garinsu kawai: wane Zariya, wane Katsina, wane Sakkwato. Masu suna ɗaya suna da yawa, in babu lambar soja sai lalube. Har yanzu ina nema. Amma da na ƙara jinkiri kaɗan, wataƙila da sunan ma ya tafi tare da Gwaggo.

Ga roƙona. Kafin Babbar Sallah, kowannenmu ya kira mafi tsufa a gidansu. Ya tambayi wa ya tafi soja, sunansa da na mahaifinsa, unguwarsu, da shekarar da ya tafi. Ba Bama kaɗai ba, har da Kwango, da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da Laberiya, da yaranmu da ke faɗuwa a Arewa maso Gabas. 'Yan'uwa na gida, ku duba adakar tsofaffi. Takardar sallama, hoto, lambar yabo, ku ɗauke su a waya ku turo wa sakatare. Shugaba, ina roƙon mujallarmu ta ware shafi guda don waɗannan sunaye.

Ban ce mu gina gunki ko mu ajiye furanni ba. Gwamnati tana nata bikin kowace 15 ga Janairu. Mu namu addu'a ne da sadaka, kuma addu'a ta fi daɗi idan ka san wanda kake yi wa. Baɗi war haka, in Allah ya kai mu, ina so mu karanta sunayen a wannan zaure, Malam ya rufe mana da addu'a.

Allah ya jiƙan mazan jiya, ya gafarta wa iyayenmu, ya kyautata namu ƙarshen.