Dashen Ciyawa Ko Yafa Iri: Jawabi Ga 'Yan Uwa Mazauna Lafiya

Iyayenmu, malamanmu da sauran 'yan uwa, tun da Lafiya ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a 1996 gine-gine suka yawaita, zaizayar ƙasa kuma tana ta cin gindin katangunmu. Mun yarda ciyawa na riƙe ƙasar tsakar gida. Gardamar ita ce, a yafa iri ko a yi dashe?

To, mu dai dashe muka zaɓa. Iri ya fi araha, gaskiya ne, amma damunar nan ba irin ta Kano ko Katsina ba ce. Ruwa kan sauka tun Afrilu har Oktoba. Mamako ɗaya sai ya kwashe irin ya kai kwata, ragowar kuma kaji su tsince. Kirikiri kuwa, in aka saro shi da saiwarsa da ƙasarsa aka dasa tazarar taki guda, nan da nan yake kamawa ya yaɗu. A dasa da ruwan farko, kada a jira Agusta.

Sai dai a bincika kowane dunƙule kafin a binne. In saiwar tofa ko ta aya-aya ta biyo shi, wallahi shekaru za a yi ana fama da fartanya. Masu gida a gangare su ƙara da layin jema a bakin katanga. Wassalam.