Jawabi A Kan Murjani, Dutse Mai Rai

Yau zancen teku za mu yi, ko da ya ke na san mu nan Tudun Wada ruwan da muka saba da shi bai wuce Kubanni da Galma ba. Amma kada ku ce abin ya yi mana nisa, gama akwai ɗan yankin teku cikin gidajenku, a wuyan matanku. Murjani na ke nufi.

Mutane da yawa suna tsammani murjani dutse ne da a ke haƙowa kamar kuza. Ba haka ba ne, waɗansu ƙananan halittu ne ke yin sa a ƙarƙashin ruwa. Jan nan na ado, na ainihi ba na kwalba ba, a Bahar Rum a ke samun sa, a dā fatake ke kawo shi Kano ta hanyar Turabulus. To, yana da 'yan'uwa cikin tekun ƙasashe masu zafi, waɗanda aikinsu gini ne. Su za mu duba.

Kun san yadda gara ke tā da suri, kowace ta kawo 'yar ƙasarta har abu ya fi mutum tsawo. Haka wannan halitta ta ke. Jikinta taushi gare shi, galibi ba ta wuce ƙwayar dawa ba, ga baki a tsakiya, ga 'yan hannuwa kewaye da shi, da su ta ke kama 'yan mitsi-mitsin abubuwan da ke yawo cikin ruwa da dare. Daga ruwan teku ta ke tsamo irin abin da katantanwa ke yin gidanta da shi, ta gina ɗan ƙoƙo ta zauna ciki. Na baya su yi gini bisa kufan na farko. Irin mai kama da curin dutse, abin da ya ke ƙaruwa a shekara bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Amma da ya ke an yi shekaru dubbai ana yi, akwai jerin tuddan murjani a gefen Ostareliya mai tsawon mil 1,400, watau kamar mutum ya tafi Ikko daga Kano ta jirgin ƙasa ya komo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ba ita kaɗai ke zaune cikin ƙoƙon ba. Cikin naman jikinta akwai wani irin gansakuka, ƙanƙane ƙwarai, ido ba ya ganin sa sai da madubin likita. Zamansu kamar na manomi da Bafillace ne da kaka, shanu su ci kara su bar taki. Gansakukan nan shi ke yin abinci da hasken rana, kamar yadda ganye ke yi, ya ba mai masaukinsa kaso mafi yawa. Ita kuwa ta ba shi mafaka da taki. Har launin da a ke gani a jikin murjani, yawancinsa na baƙon ne.

Saboda haka murjani mai gini ba ya zama sai inda ruwa ya ke da ɗumi, garau, mara zurfi, yadda rana za ta kai gare shi. Shi ya sa ba a samun tuddansa a gaɓar ƙasarmu, inda Kwara ke juye laka cikin teku dare da rana. Kun dai ga kalar Kubanni da damina. Bahar Maliya kuwa ba wani kogi mai gudu rani da damina da ke shiga cikinta, don haka gefenta duka biyu cike su ke da murjani.

Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa sun san wannan. A Sawakin su kan shiga jirgin ruwa zuwa Jidda, gidajen tsohon garin Sawakin kuwa da na tsohuwar Jidda da dutsen murjani aka gina su. Mashigar Sawakin ƙunci gare ta tsakanin tuddan nan, manyan jirage ba su jin daɗin shiga, shi ya sa aka gina Fot Sudan, aka buɗe ta a 1909. Abu ne mai hatsari ga wanda bai san hanya ba. A watan Disamba na 1991 wani jirgi mai suna Salem Express ya taso daga Jidda za shi Masar, ya bugi tudun murjani da dare kusa da Safaga, fiye da mutum 400 suka halaka.

Amma abin da ke fasa jirgi shi ke ciyad da masunta. Tuddan murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, duk da haka masana sun ƙiyasta wajen rubu'in ire-iren halittun teku a nan su ke samun abinci ko maɓoya. Akwai kifi mai baki kamar na aku, yana gurgurar dutsen, ya kashe shi farin rairayi. Har wa yau tuddan su ke karya ƙarfin raƙuman ruwa kafin su iso garuruwan gaɓa.

Yanzu ga inda damuwa ta ke. Idan zafin ruwa ya ɗara yadda aka saba da digiri 1 kacal, ya yi makonni a haka, sai zaman nan ya ɓaci, halittar ta kori baƙonta. Murjani ya koma fari fat, yunwa ta kama shi. In ruwa ya huce da wuri ya kan farfaɗo, in bai huce ba ya mutu, kifaye su watse. Hayaƙin kwal da mai da duniya ke ƙonawa shi ke ƙara wa teku zafi. An ga wannan farin ciwo a tekuna da yawa a 1998. A 2016 kusan sulusin murjanin da ke ruwa mara zurfi a jerin nan na Ostareliya ya mutu. Ko irin mai saurin girma ya kan bukaci shekara 10 ko fi kafin ya mai da jikinsa, ga shi kuwa zafin ya sake komowa can a 2017, da 2020, da 2022, da 2024.