JAWABIN SAKATAREN ƘUNGIYA KAN DIYYAR CIWON BAYA GA MASU AIKIN HAƘAR MA'ADINAI



Maganar da za mu yi yau ta shafi yaranmu da ke fita daga nan Keana zuwa ramukan haƙar ma'adinai. Allah Ya albarkaci wannan yanki: ga gishirin Keana, ga barait a Azara, ga kuma kwal kwance a ƙasar Obi da Lafiya. To amma aikin rami aikin duƙe ne da ɗaukar buhu daga safe har yamma. Yau da gobe sai ƙugu ya riƙe, ciwo ya sauka har ƙafa, magidanci ɗan shekara talatin ya kasa ɗaga bokitin ruwa.

Akwai wani ɗan'uwanmu da haka ta same shi. Mai rami ya ba shi ɗan abin da bai kai kuɗin asibiti ba, ya sa shi ya dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa ba. Da aka kawo mana ita a ajin yaƙi da jahilci, sai muka tarar an rubuta wai ya yafe duk wani haƙƙinsa.

Jama'a, doka ba ta yarda da wannan ba. A watan Disamba na 2010 aka sa hannu a Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin ta 1987, kuma hukumar NSITF ce ke gudanar da ita. Mai aiki ne zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya, kuma haramun ne ya cire shi daga ladan lebura. Duk yarjejeniyar da ta ce ma'aikaci ya yafe diyyarsa, banza ce a gaban doka. Dokar ta haɗa har da ɗan aikin wucin gadi. Sannan ba ta tambayar takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, saboda haka kada wani ya ce mana baƙo ba shi da rabo.

Wahalar ciwon baya ita ce ba shi da ranar haɗari. Wanda rami ya rufta wa kowa ya gani, amma wanda nauyi ya cinye sannu a hankali sai ya kawo hujja cewa aikin ne sanadi. Don haka muke roƙon kowane gida ya kiyaye waɗannan:

Na ɗaya, a sanar da mai aiki cikin kwana 14, a rubuce, a ajiye kwafi. Shi kuma kwana 7 gare shi ya kai rahoto ga hukuma.

Na biyu, a je asibiti, a gaya wa likita irin aikin da shekarun da aka yi a kansa, a adana kati da rasit. Ba mu raina mai ɗori ba, amma hukuma takardar likita take dubawa.

Na uku, a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. In an ƙi biya, akwai kwana 180 na ɗaukaka ƙara a hukumar, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Wanda ke haƙa don kansa, ba shi da ubangida, maganarsa daban ce, za mu zauna a kanta a taro na gaba.

Mu tuna ba a banza aka sami irin waɗannan haƙƙoƙi ba. Ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley ta Inugu, suna kan neman haƙƙin guminsu.

A ƙarshe, kada kowa ya dangwala yatsa a takarda sai an karanta masa ita. Ku kawo ta ofishin ƙungiya, ba ma karɓar ko kwabo. Ajin yaƙi da jahilci kuma yana nan, ƙofa a buɗe take ga babba da yaro.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.