Jawabi Ga Mazauna Unguwannin Sabo Kan Dokar Shige Da Fice

 

Abin da ya tara mu yau shi ne kamen da akan yi a tashoshi da kasuwanni, inda ake haɗa ɗan Sakkwato da ɗan Maraɗi a mota ɗaya don kawai harshensu da shigarsu iri ɗaya ne. To me doka ta ce?

Na farko, sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar nan, kuma ya hana a kore shi daga cikinta. Mu tuna da Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, wanda aka kwashe aka kai Chadi a 1980 da sunan wai baƙo ne. Babbar kotu a Maiduguri ta tabbatar ɗan ƙasa ne, ta soke korar.

Na biyu, haihuwa a nan kaɗai ba ta mai da mutum ɗan ƙasa. Sashe na 25 ya ce sai in uwa ko uba, ko ɗaya daga cikin kakanni, ɗan Nijeriya ne. Don haka kowane magidanci ya nemar wa 'ya'yansa takardar haihuwa da ta shaidar ƙaramar hukumar asali tun kafin ranar buƙata.

Na uku, 'yan'uwanmu baƙi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta yarda ɗan ƙasashen ƙungiyar ya shigo ba biza har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya. In zai zauna, sai ya nemi katin zama a ofishin Hukumar Shige da Fice. Chadi da Kamaru ba sa cikin ƙungiyar, Nijar kuma ta fita a Janairun 2025, saboda haka 'yan Nijar su je ofishin su tambayi matsayin takardunsu, kada su dogara da jita-jitar tasha.

In an kama ɗayanmu, kada ya gudu, kada ya yi gardama, kada ya ba da cin hanci. Sashe na 35 ya ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya, kuma dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24. Iyalinsa su gaggauta sanar da sakataren ƙungiya, su zo da kwafin takardunsa.

Allah ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Wassalam.