Mizanin Numfashin Inji: Bayani Kan Zaɓen Kan Silinda, Kamshaf da Kafireta

 

Mas'alar da na zo da ita gaban wannan majalisi ta shafi wani tsohon injin Amurka mai silinda takwas, wanda kamfanin Chevrolet ya fitar a shekarar 1955 a ƙarƙashin jagorancin injiniya Ed Cole, wanda kuma ya yi ta girma har ya kai lita 5.7 a shekarar 1967, shi ne Amurkawa ke kira 350 bisa awonsu na inci. Na zaɓe shi ne domin samun injin da aka jarraba, aka kwance, aka sake ɗaurawa kamarsa yana da wuya, saboda haka duk hukuncin da aka yanke a kansa yana da hujja mai ƙarfi. Kuma wanda ya goge da gyaran kafiretar Peugeot 504, ƙiyasi ba zai yi masa wahala ba.

Asalin magana

Asalin da za a gina komai a kansa shi ne, inji numfashi yake yi, yana shaƙar iska gauraye da fetur, ya matse, ya ƙone, ya fitar da hayaƙi. Kuma rukunan wannan numfashi uku ne: kan silinda, wanda ƙofofin iska da bawul-bawul ke cikinsa. Da kamshaf, mai hukunta lokacin buɗe ƙofofin nan da rufe su. Da kafireta, mai auna fetur gwargwadon iskar da ta ratsa ta. Tun da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, duk wanda ya fifita rukuni guda ya tauye sauran, to, ya sayi hasara da kuɗinsa. Sharaɗi na farko kuwa shi ne mai mota ya tsayar da niyyarsa tun kafin ya taɓa sifana, watau ya san ko motar titi yake nufi, wadda injinta ba safai yake wuce juyi 5,500 a minti ba, ko kuwa ta filin tsere, wadda ke kwana ta tashi a saman 7,000.

Fasali na farko: kan silinda

Da shi ya kamata a fara, domin shi ne iyakar abin da inji zai iya shaƙa. Tsofaffin kanikawan Amurka suna girmama wani kai da suke wa laƙabi da mai tozon raƙumi, saboda alamar tozo biyu da aka zuba a gefensa. Ɗakin ƙonewarsa ya kai kimanin sisi 64, bawul ɗin shiga kuma inci 1.94 ko 2.02. Amma daga shekarar 1971, sa'ad da kamfanin General Motors ya rage matsin injunansa domin su iya shan fetur mai ƙarancin dalma, sai kawuna masu ɗaki sisi 76 suka yawaita, kuma bambancin da ke tsakanin waɗannan ɗakuna biyu, a kan fistin iri ɗaya, yakan zarce maki guda a lissafin matsi, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga ƙarfin mota. Sai dai a lura, tsohon kai an yi shi ne a zamanin da dalma ke kare mazaunin bawul, saboda haka maslaha ita ce a sa masa mazauni mai tauri. Akwai kuma kan Vortec na shekarar 1996, wanda duk da araharsa ya fi mai tozo numfashi, illa dai yana bukatar nasa bututun shigar iska, kuma ba ya yarda bawul ya buɗe fiye da abin da bai kai rabin inci ba sai an yi masa aiki.

Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne neman ƙofa mai faɗi ƙwarai. Alhali kuwa iska kamar ruwan kogi take, inda gaɓa ta yi faɗi nan gudunta ke mutuwa, fetur ya rabu da ita ya kwanta a bango, motar ta yi nauyin tashi.

Fasali na biyu: kamshaf

Ana auna kamshaf da abu uku: tsawon lokacin da bawul ke zama a buɗe, wanda ake ƙirgawa da digiri daga sa'ad da ya ɗaga inci 0.050, da nisan ɗagawar, da kuma tazarar da ke tsakanin tozon shiga da na fita, wadda galibi take tsakanin digiri 106 zuwa 114. A tsawon lokacin buɗewa, motar titi takan wadatu da digiri 210 zuwa 220, ta tsere kuwa takan haura 250. Hikimar da ke ciki ita ce, idan bawul ɗin shiga ya yi jinkirin rufewa, to, a babban gudu iskar da ta riga ta ɗauko hanya takan ci gaba da cusa kanta cikin silinda, amma a ƙaramin gudu fistin ne ke mayar da ita baya, matsi ya zube. Don haka dogon kamshaf ba ya inganta sai tare da matsi mai yawa, ga shi kuwa matsi daga kan silinda yake fitowa. Samari da yawa sautin nan mai gargada da inji ke yi a silo ne ke ruɗinsu, ba su san cewa shi ne alamar zuƙar inji ta raunana ba, wadda birki mai taimakon iska ya dogara da ita. Wajibi ne kuma, ranar da aka fara tayar da sabon kamshaf mai shafaffen matashi, a zuba baƙin mai mai sinadarin tutiya, a riƙe inji tsakanin juyi 2,000 zuwa 2,500 na minti ashirin ko talatin, in ba haka ba tozonsa ya cinye tun bai ga titi ba.

Fasali na uku: kafireta

Ita ce ta ƙarshe a zaɓe, ko da yake ita ce ta farko a idon mai saye. Lissafinta sananne ne: a ninka girman inji bisa awon inci da mafi yawan juyinsa, a raba da 3,456, sai a sami adadin ƙafa-kubik na iskar da yake bukata a minti. Injin 350 a juyi 6,000 yana ba da kimanin 608, kuma da yake injin titi ba ya cika cikinsa fal, hakikanin bukatarsa ba ta wuce 520 da 'yan kai ba. Ashe ke nan kafiretar Holley mai awon 600 ta ishe shi, ɗora masa mai 850 kuwa israfi ne, domin iska ba za ta yi saurin da zai ja fetur daga maƙogwaronta ba, a taka totur mota ta shaƙe. Wanda ya duba Quadrajet ta kamfanin Rochester, wadda ta fito a 1965, zai ga i'itidali a aikace: ƙananan maƙogwaro biyu na tafiyar yau da kullum, da manya biyu waɗanda ba sa buɗewa sai inji ya nemi iskar da kansa.

Kammalawa

Abin da nake roƙon majalisi ta riƙe shi ne tertibi: niyya tukuna, sa'an nan kan silinda da matsinsa, sa'an nan kamshaf da ya dace da matsin, daga bisani kafireta bisa lissafi, in kuwa mutum ya tsaya tsakanin awo biyu yana shakka, ƙaramin ya fi kusa da daidai. Abin da na dace a ciki daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, ina kuma jiran gyaran malamaina.